Kwalin da ya fi kowanne baƙi

Ranar da na gane cewa shekara shida na yi ina ɗiban ruwa da kwando, ba a cikin aji nake ba. A bakin get nake, ina jiran Baba mai gadi ya buɗe min in fitar da babur. An tashi, yara sun yi dafifi a kan mai fiya wata. Wani yaro da ya ci goma bisa goma a gwajin gurɓatar muhalli, wato folushan, a cikin makon nan ya zuƙe ruwansa, ya hura wa ledar iska, ya taka ta ta yi fas, sannan ya sa ƙafa ya tura ta kwata.

Na ce, "Kai, zo nan. Me ka yi yanzu?"

Ya ce, "Malam, ruwa na sha."

"Ledar fa? Wannan ba folushan ba ne?"

Ya dube ni da mamaki na tsakani da Allah, ba na raini ba. Ya ce, "A'a Malam, folushan ai na kamfani ne."

Ban ga laifinsa ba. Littafin da nake koyar da su kimiyya da shi a ƙaramar sakandare hotuna uku ya zana a babin: bututun hayaƙin masana'anta, jirgin ruwa yana zubar da ɗanyen mai, sai wani tsuntsu da mai ya dame wa fiffike. Yaran nan 'yan cikin Kano ne, yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ɗin Tiga faɗi ba, wasu ko Tigan ba su je ba. Na ba su ma'ana da Turanci sun haddace kamar karatun allo, na ba su rabe-rabe uku sun haddace, sun zuba min a takarda na ba su maki. Abin da suka ɗauka shi ne folushan wata masifa ce da ke can Neja Delta.

Da shekara ta zagayo, babin ya faɗo a zango na biyu, cikin Janairu. Sikim, wato jadawalin darussan zango, mako biyu ya ba shi, ni kuma firiyod uku nake da shi a mako, kowanne minti 40, yara 84. Na zauna na rubuta lesin fulan, wato tsarin darasi, na mako huɗu, na matse wani babi na gaba don in sami sarari, na kai wa mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu ya sa hannu. Ya gyara tabarau ya karanta har ƙasa. Inda na rubuta cewa za mu fita da yara su ga rafin Jakara, nan ya ɗora biro.

"Malam, da wace motar? Kuma in ɗaya ya zame ya faɗa, kai za ka je ka yi wa ubansa bayani ko ni?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko rabinsu ne."

Ya ce ko rubu'insu. A lokacin na ji haushi, yanzu kuwa na san da ni ne a kujerarsa haka zan ce. Sauran ya amince, da sharaɗin kada in zo masa da maganar kuɗi. Ɗakin gwaje-gwajenmu dama ya daɗe da zama sito, karyayyun bencina ne a ciki da tsofaffin takardun jarrabawa. Don haka kayan aikina duka a leda ɗaya na ɗauko su daga kasuwa: farin kwali, robar basilin, zare, auduga, gishiri, sai robobin lemo da na sa yara suka tsinto.

A darasin farko ban rubuta ma'anar komai ba. Cewa na yi kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gamu da shi tsakanin gida da makaranta yau da safe wanda ya sa shi toshe hanci, ko runtse ido, ko tattare wando, ko toshe kunne. Da farko shiru, don sun saba tambayar malam tana da amsa guda kuma tana cikin littafi. Sai monita ya ce salansar Adaidaita Sahu. Daga nan bakin kowa ya buɗe. Kwata mai tsutsa, bolar da aka cinna wa wuta, janareton mai cajin waya, baƙin man da ake zubarwa a gareji, shaddar da ta cika ta tumbatso, lasifikar mai tallan maganin basir, injin markaɗe. Allo ya cika har ina rubutu a karkace. Na ce to mu raba su gida-gida, wanne ne ke ɓata iska, wanne ruwa, wanne ƙasa. A kan bola aka yi gardamar da ta fi min duk abin da na taɓa koyarwa daɗi. Wani ya ce ta ƙasa ce. Wani ya ce in an ƙona ta fa, ai ta koma iska. Wani daga can baya ya ce in damina ta zo kwata take bi. Suka juyo gare ni in raba gardama, na ce duk ku ukun kun ci, littafi ne ya raba su don sauƙin jarrabawa. Lasifika da injin markaɗe suka rage ba su da gida, muka yi musu nasu, muka kira shi ƙara.

A ranar muka yi binne, don shi ne mai cin lokaci. Bayan aji, kusa da inda ake alwala, muka haƙa ramuka biyar: ɓawon ayaba, takarda, tsumman atamfa, ledar fiya wata, murfin kwalba. Baba mai gadi ya tako a hankali ya tsaya a kanmu.

"Malam, lafiya? Wa ake wa asiri?"

Na yi masa bayani. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ƙasar nan ta bushe ƙamas. Yanzu ko ɓera ka binne kilishi zai zama. In ba ruwa ba abin da zai ruɓe maka." Wallahi ban yi wannan tunanin ba, ni da na karanta a kwaleji cewa ƙananan halittun da ke ruɓar da abu sai da laima suke aiki. Shi ya ɗauki nauyin juye sauran ruwan buta a kan ramukan kullum bayan azahar.

Sai gwajin iska. Abu ne mai sauƙi: a yanka farin kwali kamar tafin hannu, a shafa masa basilin sama-sama, a rataye shi da zare a wani wuri, duk abin da ke yawo a iska zai manne. Na raba su rukuni goma sha biyu, kowane rukuni kwali biyu, na ce a bar shi mako guda. Ranar da aka dawo da su gabana ya faɗi. Duk iri ɗaya suka zama, na bakin titi da na cikin masallaci da na ɗakin kwana, kowanne ya yi furu-furu kamar an barbaɗa masa garin dawa. Na manta cewa tsakiyar hunturu muke, a makon nan kuma hazo ya sauko sosai, har rana ana iya kallonta ido da ido. Yara suna jira in ce wani abu. Na ce musu gaskiya, gwajin ya lalace, kuma ni na lalata shi. Na zana taswira a allo na nuna musu arewacin Chadi, inda wani kwari mai suna Bodele yake. A da can gindin babban tafkin Chadi ne, yanzu ya bushe, iskar arewa maso gabas tana kwasar farar ƙurarsa ta sauke mana. Wani ya ce, "Malam, to wannan wa za a kama?" Na ce ba kowa, akwai ƙurar da ba hannun mutum a ciki, amma ƙirji bai san bambanci ba, ku tambayi mai asma.

Muka sake, wannan karon kwana biyu kacal, kuma na ɓoye kwali ɗaya a cikin ambulan a durowata don mu sami abin kwatance. Na ce launi za mu duba, ba yawa ba, domin ƙurar hazo fara ce, ta wuta baƙa. Nan abu ya fito. Na aji da na masallaci sun ɗan yi fari. Na bakin titi ya yi toka-toka. Na kusa da janareto ya yi ɗige-ɗigen baƙi. Na madafar gidan da ake girki da itace ya fi na titi duhu nesa ba kusa ba, abin da ya sa aji ya yi tsit, don kowa ya ɗauka titi ne zai zo na ɗaya. Kowannensu yana da uwa ko yaya da ke wuni a bakin murhu, sau da yawa da goyo a bayanta.

Sai kuma wani kwali da ba ka ma ganin farinsa. Baƙi ƙirin, yana maiƙo, yana warin da duk ɗan birni ya sani. A nan na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Murna ta ɗebe ni, na ɗaga shi sama na ce, "Na wane ne wannan? A ina aka rataye shi?" Wani ɗan siririn yaro da ba ya yawan magana ya miƙe ya ce a wajen aikin babansa. Kafin ya rufe baki wani ya ce, "Malam, babbaka suke yi da taya!" Aji ya fashe da dariya. Na tsawatar, amma magana zarar bunu ce. Kafin a tashi sun raɗa masa suna, Folushan. Washegari bai zo ba, jibi ma haka.

Ranar Asabar na sa wani ɗan unguwarsu ya raka ni. Tun daga nesa ka san ka iso, hayaƙi ya murtuke sama, ƙasa baƙa, ga tulin wayoyin da ke saura bayan taya ta cinye. Kawunan shanu da ƙafafu da ganda jere a kan ƙarfe. Na yi sallama, uban ya goge hannu a riga ya miƙo min gefen damtse don kada ya ɓata ni. Na ce, "Baba, ni ne malamin yaronka, na zo ba da haƙuri ne." Na faɗa masa yadda aka yi ban rage komai ba.

Ya yi shiru, ya yi tari mai tsawo ya tofar. Ya ce, "Malam, ba sai kwali ya gaya min ba, ƙirjina ya riga shi. Amma ka je ka tambayi kuɗin itacen da zai babbake kan sa guda, ka dawo ka tambayi kuɗin tsohuwar taya. Mai sayen ganda kuma in na ƙara masa ko sisi gaba zai yi, wajen maƙwabcina." Na tafi da niyyar in yi masa bayanin sinadaran da ke cikin hayaƙin taya, waɗanda likitoci ke dangantawa da ciwon huhu da ciwon daji, har da yadda suke maƙalewa a jikin naman. Na haɗiye. Duk abin da na iya roƙa shi ne in yaron ya zo taya shi aiki bayan makaranta, a sa shi wajen wanki da kankara, ta inda iska ke fitowa, kada a sa shi bakin wuta. Ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya ƙara da cewa, "Ku dai ku koya masa, ya sami abin yi da ba hayaƙi." Ya hana ni tafiya sai da ya ƙulle min ƙafar sa a leda, na rasa yadda zan ƙi.

Litinin yaron ya dawo. Na tsaya a gaban aji na ce duk wanda a gidansu ba a taɓa cin ganda ko farfesun kai ba ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Na ce to hayaƙin nan namu ne mu duka. Sunan bai mutu nan take ba, amma ya yi sanyi. Tun daga lokacin lamba nake sa wa kwalaye, ni kaɗai na san na wane ne.

Zuwan nan ya sa na sake duba shafin da littafi ya kira hanyoyin magancewa. A kafa doka, a hukunta masana'antu, a koma girki da gas, a sake sarrafa shara. Duk gaskiya ne, kuma na koyar da su don za su fito a jarrabawar kammala aji uku, har na sa suka rubuta sunan hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli. Amma wannan shafi da gwamnati yake magana, ba da ɗan shekara goma sha uku ba. Sai na ware firiyod guda ga abin da yaro zai iya yi ko ya faɗa a gida a saurare shi. Kada a hura gawayi da leda, al'adar da ta zama ruwan dare. A karɓi jariri daga bayan uwa in tana fama da ɗanyen itace. Kada a fasa tsohon batir ana wasa da cikinsa. Wanda na fi daɗewa a kai shi ne kurfoti a ɗaki da janareto a soro, saboda sanyin da ake ciki. Na gaya musu akwai iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana fita daga duk wutar da ba ta samun isasshiyar iska, kuma jini ya fi kama ta a kan iskar da muke rayuwa da ita sau fiye da 200. Mutum ba ya jin shaƙewa, ciwon kai yake ji da kasala, sai barci. Kusan kowa a ajin ya taɓa jin labarin gidan da aka wayi gari ba wanda ya tashi, sai dai wasu an ce musu aljanu ne.

Tunda an hana mu zuwa Jakara, ni na kawo musu ita a robar lemo, ɗaure a bayan babur. Na zana yadda take ratsa cikin gari tana kwasar ruwan kwatoci, ta haɗu da Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su tafi tare har dam ɗin Wasai a Minjibir, da yadda masu lambu ke jan ruwan a hanya suna ba latas da kabeji. Na ambaci masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da sinadarin kuromiyam da ake jeme fata da shi. Ruwan Jakara ban bari an buɗe shi ba, kallo kawai. Don tacewa, ruwan laka muka haɗa. Muka yanke gindin roba muka kife ta, auduga a wuya, sai dakakken gawayi, sai yashi, sai tsakuwa. Ruwa ya shiga ja, ya fito yana ɗiga garau. Aka yi tafi, wani har ya miƙo hannu zai kurɓa.

Wannan hannun nake jira. Na ɗauko ruwan sha mai kyau na narka gishiri a ciki a gabansu, na zuba a wata sabuwar matata da ban sa mata laka ba, na ce mai son sha ya zo ya ɗanɗana. Ya ɗanɗana ya yamutsa fuska. Gishiri yana nan daram. Na ce abin da ya narke matata irin wannan ba ta riƙe shi, haka ƙwayar cutar amai da gudawa da ta taifot suna iya wucewa, su sai tafasawa ko magani. Gishiri ma ya yi mana kirki da yake harshe na jin sa.

Daga nan na ba su labarin Zamfara. A 2010 aka lura yara ƙanana suna ta suma da jijjiga suna mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka gano abin ya kai Bagega. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta duniya mai suna MSF ne suka yi ta jinyar waɗanda suka rayu, kuma sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin maganin ya yi amfani, don in an sallami yaro ya koma cikin ƙurar an koma gidan jiya. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ban taɓa ganin ajin nan ya nutsu haka ba. Ɗan mai babbaka ne ya ɗaga hannu, karo na farko tun da ya dawo. Ya ce, "Malam, su iyayen sun sani?" Na ce da farko ba su sani ba. Ya ce, "Da suka sani sun daina?" Na ce an fitar da niƙan daga cikin gidaje, haƙar kuwa ba a daina ba. Ya gyaɗa kai kamar wanda dama amsar da yake tsammani ke nan.

Gwajin ƙarshen babi bai nuna wani abin a-zo-a-gani ba, kada in yi ƙarya. Masu ci sun ci, masu faɗuwa a Turanci sun faɗi, don yaro yana iya fahimtar abu sarai ya kasa rubuta shi da harshen jarrabawa. Tambaya ɗaya ce na ga canji a cikinta, inda na ce a kawo misali uku. A da jirgin ruwa da bututun kamfani ake rubuto min. Wannan karon murhu na gani, da kwata, da kurfoti.

Ramukan sai makon ƙarshe na zango muka tone, ana gab da hutu, zafi ya fara. Baba mai gadi ne ya riƙe fartanya, ya ce shi ya yi ban ruwa shi zai yi girbi. Ɓawon ayaba babu shi sai ɗan baƙin wuri. Takarda gara ta gama da ita. Tsumma ya yi huji-huji, in ka ja ya yage. Murfin kwalba ya yi tsatsa. Ledar fiya wata kuwa da aka karkaɗe ta aka ɗauraye, har lambar NAFDAC ana karantawa.

Monita ya riƙe ta da yatsa biyu ya ce, "Malam, to yanzu ina za mu kai ta?"

Na waiga. Abin da makarantar ke da shi dai bolar nan ce ta bayan katanga, wadda Baba ke cinna wa wuta duk Juma'a da yamma. Baba ya dube ni, na dube shi. Na karɓi ledar na ninke na sa a aljihu, na ce a koma aji.

Tana durowata tare da kwalin kwatance. Duk shekara in babin ya zo ita nake sake binnewa, bana karo na uku ke nan, jan rubutun ne kawai ya ɗan koɗe.